Wata Uku Ko A Fasa: Yadda Turkiyya Ta Sauya Haruffanta A 1928

A unguwar Ayyub da ke birnin Istanbul, wanda kakanninmu ke kira Santambul, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ta haye tudu tana kallon ruwa. Unguwar ta samo sunanta daga sahabi Abu Ayyub al-Ansari, wanda kabarinsa ke can, shi ya sa manyan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka riƙa son a binne su kusa da shi. Duwatsun kaburburan dogaye ne, an sassaƙa wa na maza rawani ko hular dara gwargwadon muƙamin mai kabarin, na mata kuma an yi musu furanni. A jikin kowane dutse akwai sunan mamaci, da na mahaifinsa, da aikinsa, da shekarar rasuwarsa, galibi kuma rubutun yakan ƙare da roƙon mai wucewa ya karanta masa Fatiha.

Yau Baturke mai digiri biyu yana iya tsayawa gaban kabarin kakan kakansa ya kasa karanta wannan roƙo. Harshen da ke jikin dutsen Turkanci ne, sai dai an rubuta shi da haruffan Larabci, waɗanda Turkawa suka yi kusan shekara dubu suna rubutu da su kafin majalisar dokokinsu ta soke su ranar 1 ga Nuwamba, 1928. Wata ɗaya bayan nan babu jaridar da ta sake fitowa da su, wata biyu kuma babu littafi.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin misalin shugaba mai ƙarfin hali da ya fitar da jama'arsa daga jahilci. Akwai gaskiya a ciki, kuma za mu faɗe ta. Amma akwai sashen labarin da ba a cika ƙirgawa ba, wato abin da aka biya, da waɗanda suka biya, da kuma tambayar ko dole ne sai an biya shi duka. Mai karatun da ke karanta wannan Hausa da haruffan boko yana da dalilinsa na musamman na sauraron amsar.

Ƙorafin da ke da tushe

Adalci shi ne a fara da hujjar masu neman sauyi, domin ba ƙaramar hujja ba ce. Turkanci yana da wasula takwas. Rubutun Larabci kuwa haruffa uku yake da su na jan wasali, alif da wawu da ya, kuma marubutan daular ba sa sanya fataha da kisira da rufu'a a rubutun yau da kullum. Saboda haka wawu guda yana iya ɗaukar sauti huɗu ko biyar, kaf kuma yana tsayawa a madadin baƙaƙe da dama. Misalin da aka fi kawowa shi ne kalmar da ke nufin "ya zama" da wadda ke nufin "ya mutu", waɗanda rubutunsu ɗaya ne, sai ma'anar jimla ta raba su. Ga malamin da ya san Larabci da Farisanci wannan ba matsala ba ce. Ga ɗan manomin Anatoliya da zai yi shekara biyu ko uku kacal a makaranta, babban shinge ne.

Sai kuma matsalar na'ura. Yahudawan da aka koro daga Andalus sun kafa maɗaba'a a Istanbul tun 1493, Armeniyawa suka bi a 1567, Girkawa a 1627, kowa da haruffansa. Musulmin daular ba su sami tasu ba sai 1727, lokacin da Sarki Ahmad na Uku ya ba Ibrahim Mutafarrika, wani haifaffen ƙasar Hangare da ya musulunta, izinin buga littattafan da ba na addini ba, bayan Shaihul Islam ya ba da fatawa. Littafinsa na farko, ƙamus na Larabci da Turkanci, ya fito a 1729, kuma duka-duka littattafai 17 ya buga kafin rasuwarsa. Ɗaya daga cikin wahalhalun aikin shi ne harafin Larabci yana sauya siffa a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta, yana kuma haɗewa da maƙwabcinsa. Mai jera haruffan dalma yana buƙatar ɗaruruwan ƙwayoyi, alhali takwaransa na Turai yana aiki da kaɗan daga wannan adadi. Da wayar tangaraho ta iso a 1855, lokacin yaƙin Kirimiya, da Faransanci aka fara aika saƙonni.

Don haka tun cikin daular ake ta muhawara. A 1862 Munif Fasha ya gabatar da lacca yana neman a gyara rubutun, a shekarar da ta biyo kuma marubucin Azarbaijan Mirza Fatali Akhundof ya kawo nasa tsarin Istanbul. Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ministan yaƙi Anwar Fasha ya tilasta wa sojoji wani rubutu na haruffan Larabci a rarrabe, kowane wasali da harafinsa, amma hafsoshi suka ga yana ɓata musu lokaci, aka watsar da shi. Abin lura shi ne yawancin waɗannan mutane gyara suke nema, a ƙara alamomi, a fito da wasula, a sauƙaƙa wa maɗaba'a. Masu cewa a yar da haruffan gaba ɗaya tsiraru ne. Ko a taron tattalin arziki na Izmir a 1923, da aka kawo shawarar komawa haruffan Latin, shugaban taron, Janar Kazim Karabakir, ɗaya daga cikin jaruman yaƙin 'yanci, ya ƙi bari a tattauna ta, yana mai cewa hakan zai raba Turkawa da sauran duniyar Musulmi.

Yadda aka share fage

Me ya canza cikin shekara biyar, har shawarar da aka ƙi saurara a 1923 ta zama doka a 1928 ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta adawa ba? Wasulan Turkanci dai suna nan takwas yadda suke. Siyasa ce ta canza.

An soke sarauta a 1922, aka kafa jamhuriya a Oktoba 1923, aka soke halifanci a Maris 1924, a ranar da aka mayar da dukkan makarantu ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, abin da ya kai ga rufe madarasai. A 1925 tawayen Shaihu Sa'id ya ɓarke a gabashin ƙasar, gwamnati ta kafa dokar tabbatar da zaman lafiya da kotuna na musamman, aka rufe jaridu, aka rushe jam'iyyar adawa da Karabakir ke jagoranta. A ƙarshen wannan shekara aka haramta hular dara, aka wajabta wa ma'aikata malafar Turawa, aka rufe zawiyoyin ɗariƙu. A Fabrairu 1926 aka rataye malami Atif Hoja na Iskilib, wanda ya rubuta ɗan littafi kan kwaikwayon tufafin Turawa tun kafin a kafa dokar hula. Shi kansa Karabakir an gurfanar da shi a 1926 bisa zargin hannu a yunƙurin kashe shugaban ƙasa, kotu ta sallame shi, amma an fitar da shi daga siyasa shekaru da dama. A Afrilu 1928 aka cire sashen kundin tsarin mulki da ya ce Musulunci ne addinin ƙasa.

Duk da haka akwai masu ilimin da suka yi magana. Abram Galanti, Bayahude kuma farfesa a jami'ar Istanbul, ya wallafa littafi a 1927 wanda sunansa kaɗai ya isa bayani, cewa haruffan Larabci ba sa hana ci gabanmu. Sai dai lokacin da aka zo yanke hukunci babu sauran jam'iyya ko jarida ko majalisar malamai da za ta iya tsayawa ta ce a dakata. Daga waje kuma, babban taron masana harsunan Turkawa da aka yi a Baku a 1926 ya amince wa Turkawan Tarayyar Sobiyet su koma haruffan Latin, abin da ya ba masu neman sauyi a Ankara hujjar cewa 'yan'uwansu na gabas ma can suka nufa.

A tsakiyar 1928 aka kafa kwamitin haruffa. Ɗan jarida Falih Rifki Atay, wanda yake cikin kwamitin, ya ba da labarin cewa ya kai wa Mustafa Kamal ra'ayoyi biyu, ɗaya na cewa a yi sauyin cikin shekara goma sha biyar, ɗaya cikin biyar, jaridu su riƙa fitowa da rubutu biyu kafin mutane su saba. Shugaban ya ƙi duka biyun. Ya ce ko dai a yi shi cikin wata uku ko kuma ba za a taɓa yi ba, domin muddin tsohon rubutu na nan a shafi, shi kowa zai karanta, kuma da zarar wani rikici ya taso sabon zai bi sawun na Anwar Fasha.

Wannan magana ta nuna zurfin fahimtarsa da halin ɗan Adam. Ta kuma nuna ya san cewa idan aka bar masu karatu su zaɓa, ba za su zaɓi abin da yake so ba.

A watan Agusta ya sanar da sababbin haruffa a wani taron dare a lambun Sarayburnu da ke Istanbul, yana cewa abin kunya ne a ce kashi 10 ko 20 cikin 100 na al'umma ne kawai suka iya karatu. Daga nan ya shiga garuruwa da allo da alli, Takirdag, Samsun, Siwas, Kaisari, yana kiran ma'aikata da 'yan kasuwa gaban allo yana gwada su. Dokar ta 1 ga Nuwamba ta tsayar da haruffa 29. Ta ba jaridu da allunan shaguna wa'adin 1 ga Disamba, ta ba maɗaba'u da ofisoshin gwamnati da bankuna wa'adin 1 ga Janairu, 1929. A wannan rana aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a faɗin ƙasa, shugaban ƙasa kuma ya riga ya karɓi laƙabin babban malami.

Riba da asara

Sababbin haruffan sun dace da Turkanci ƙwarai. Kowane sauti da harafinsa, yaro yana iya haɗa baƙi cikin 'yan watanni, kuma yau kusan kowane Baturke ya iya karatu. Babu wata babbar jam'iyya a Turkiyya, har da masu ra'ayin addini, da ke neman a koma tsohon rubutu. Wanda ya ƙi faɗin wannan bai yi wa tarihi adalci ba.

Tambayar ita ce ko haruffan ne suka kawo ilimin. Ƙidayar 1927 ta nuna kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ya iya karatu, a ƙasar da ta fito daga yaƙe-yaƙe na shekara goma da suka cinye matasanta masu ilimi, ta kuma rasa mafi yawan Armeniyawa da Girkawanta. A 1935 adadin ya kai kimanin ɗaya cikin biyar. A 1950, shekara 22 bayan sauyin, bai wuce kimanin ɗaya cikin uku ba. Wato ilimi ya riƙa hawa a hankali, daidai da yadda makarantu da malamai da hanyoyi suka riƙa isa ƙauyuka. Inda aka gina makaranta an koyi karatu, inda ba a gina ba kuwa sauƙin haruffa bai amfana wa kowa komai ba.

Japan ta isa misali. Rubutunta ya fi na daular Turkiyya wuya nesa ba kusa ba, dubban alamomin da aka aro daga Sin haɗe da jerin haruffa biyu na gida, amma tun farkon ƙarni na 20 kusan duk yaranta suna makaranta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tawagar masana ilimi ta Amurka ta ba da shawara a 1946 cewa Japan ta koma haruffan Latin. Japanawa suka taƙaita alamomin yau da kullum zuwa 1,850, suka sauƙaƙa siffar wasu, suka riƙe rubutunsu. Babu wanda zai ce wannan ya hana su ƙera mota ko kwamfuta.

A ɓangaren asara, abu na farko da ya faru shi ne mutanen da suka iya karatu sun wayi gari suna haɗa baƙi kamar yara. Cinikin jaridu ya faɗi warwas har sai da gwamnati ta tallafa musu da kuɗi. Alƙalai da marubuta da malaman da suka yi shekara arba'in da alƙalami suka koma aji. Da yawa daga mutanen wannan zamani sun ci gaba da rubuta wasiƙunsu da bayanan sirrinsu da tsohon rubutu har suka mutu, 'ya'yansu kuma suka gaji takardun da ba za su iya karantawa ba. A Satumba 1929 aka cire Larabci da Farisanci daga manhajar makarantun sakandare, aka toshe hanyar da yaro zai bi ya koma ga tsofaffin littattafai ko da yana so.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Turkancin daular cike yake da kalmomin Larabci da Farisanci, kuma tsohon rubutu yana nuna asalinsu. Sabon rubutu ya haɗe sin da sad da sa a harafi ɗaya, ya haɗe zal da zayi da za, ya haɗe ha iri uku. Kalmomin da a da ake gane danginsu da ido suka zama baƙi marasa dangi. Daga nan sai mataki na gaba ya zo da kansa. A 1932 aka kafa ƙungiyar nazarin harshen Turkanci, aka shiga farautar kalmomin aro ana maye gurbinsu da na karkara, ko na tsofaffin rubuce-rubucen tsakiyar Asiya, ko waɗanda aka ƙirƙira a ofis. Maktab ta zama okul. A wannan shekara aka mayar da kiran salla Turkanci, kuma haka aka yi ta yi har 1950, lokacin da gwamnatin Adnan Mandaras, wadda ta hau mulki ta zaɓe na gaskiya na farko, ta ɗage haramcin kiran salla da Larabci cikin makonninta na farko.

Sakamakon wannan wankin harshe ya faɗa har kan wanda ya fara shi. A Oktoba 1927 Mustafa Kamal ya yi shahararren jawabinsa na sa'a 36 cikin kwana shida, inda ya ba da tarihin yaƙin 'yanci. A 1963 sai da aka juya jawabin zuwa Turkancin zamani domin matasa su fahimta, an kuma sake sabunta shi bayan haka. Masanin Turkanci na jami'ar Oksfod, Geoffrey Lewis, wanda masoyin Turkiyya ne, ya kira gyaran harshen nasara mai kama da bala'i a littafin da ya wallafa a 1999.

Akwai kuma abin da ya faru a 1931. Jami'an ma'aikatar kuɗi a Istanbul sun sayar da tan-tan na takardun daular a matsayin shara ga masu sarrafa takarda a Bulgeriya, aka ɗaure su dami-dami aka kai tashar jirgin ƙasa. Sai da 'yan jarida da masana tarihi suka yi kururuwa sannan aka farga. Bulgeriyawa sun gane darajar abin da ya zo hannunsu, shi ya sa yau ɗakin karatu na ƙasa da ke Sofiya yana cikin manyan ma'ajiyar takardun Daular Usmaniyya a duniya. Dokar haruffa ba ta ce a sayar da komai ba. Amma ma'aikacin da aka shekara uku ana gaya masa cewa wannan rubutu alamar ci baya ne, ba abin mamaki ba ne ya auna shi a sikeli.

Matsalar da ta warware kanta

Daga cikin hujjojin 1928, wadda ta fi kama da ilimi tsantsa ita ce ta na'ura. Maɗaba'a da keken rubutu da tangaraho duk an ƙera su ne domin haruffan Turai, saboda haka sai al'umma ta daidaita kanta da su. A lokacin babu mai iya musa wannan.

Sai dai na'ura ba ta tsaya inda take ba. A shekarun 1950 kamfanin Linotype, tare da mai jaridar al-Hayat ta Beirut, Kamil Muruwwa, ya fito da sauƙaƙƙen tsarin haruffan Larabci da ya hanzarta buga jaridu. Jaridun Urdu na Pakistan, waɗanda salon rubutunsu ya fi kowane wuyar jerawa, sun yi ta fitowa da rubutun hannun magatakarda har 1981, lokacin da aka shigar da salon cikin kwamfuta. Daga 1991 tsarin Unicode ya fara ba haruffan harsunan duniya lamba ɗaya-ɗaya da kowace kwamfuta za ta gane. Yau wayar da ke aljihun mai karatu tana rubuta Larabci da Farisanci da Sinanci da Amharik ba tare da wata wahala ba. Cikas ɗin da aka ce ba shi da magani ya kau cikin shekara sittin, wato ƙasa da tsawon ran mutum ɗaya. Yankewar da aka yi saboda shi kuwa tana nan, kuma kowace shekara tana ƙara nisa.

Wannan shi ne darasin da ya fi shafar zamaninmu. A kowane ƙarni akan sami masu cewa fasaha ta riga ta yanke hukunci, abin da ya rage shi ne mu bi. Galibi abin da suke kira hukuncin fasaha gazawar na'urar wannan shekarar ce, wadda injiniyoyi za su gyara nan gaba kaɗan. Na'ura ana sake ta duk bayan 'yan shekaru. Al'adar karatu kuwa daga hannu zuwa hannu take tafiya, idan tsara ɗaya ba ta karɓa ba, ta bayanta ba ta da wurin karɓa.

Turkawan Sobiyet, waɗanda aka kafa hujja da su, sun ga abin da ya fi haka. Bayan sun koma Latin a ƙarshen shekarun 1920, Stalin ya mayar da su haruffan Rasha a wajajen 1939 da 1940. Azarbaijan ta sake komawa Latin bayan 1991. A cikin ƙarni ɗaya an sauya musu rubutu sau uku, har aka sami gidajen da kaka da uba da jika kowa da haruffan da ya koya a makaranta. Da zarar hukuma ta gano tana iya sauya rubutun jama'a da doka, babu abin da zai hana hukumar da ta gaje ta yin haka.

Rigimar da ba ta mutu ba

Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila da ya soki juyin juya halin Faransa a 1790, ya ɗauki al'umma a matsayin amana tsakanin waɗanda suka shuɗe da masu rai da waɗanda ba a haifa ba. Bisa wannan ma'auni, masu rai suna da ikon gyara abin da suka gada, har ma wajibi ne su gyara, amma ba su da ikon yanke wa na baya hanyar komawa ga na gaba. Turkiyya tana iya ɗaukar sababbin haruffa ta kuma bar tsofaffin a manhaja, sa'a biyu a mako, yadda duk wanda ya gama sakandare zai iya karanta wasiƙar kakansa. Kuɗin hakan kaɗan ne. An ƙi yi ne domin yankewar tana cikin abin da ake nema.

Abin da aka danne da ƙarfi kuwa yakan dawo a matsayin rigimar siyasa. A Disamba 2014 majalisar ba da shawara kan ilimi ta Turkiyya ta tattauna koyar da Turkancin daular a makarantun sakandare, Shugaba Erdogan ya ce za a koyar ko ana so ko ba a so, 'yan adawa suka ce yunƙuri ne na rusa gadon Ataturk. Aka tsaya a kan wajabta shi a makarantun limamai, a yawancin sauran kuma ya zama na zaɓi. Abin takaici shi ne karanta dutsen kabari, wanda ya kamata ya zama gadon kowa, ya koma tutar jam'iyya. Mai goyon baya yana amfani da shi don tsokanar abokin hamayya, mai adawa yana gudunsa don kada a ce ya sauya sheƙa, takardun kuma suna jiran ƙwararru 'yan kaɗan.

Mu ma mun bi wannan hanya, ko da yake a hankali kuma a hannun baƙi. Kafin zuwan Turawa da ajami ake rubuta Hausa, da shi Nana Asma'u da malaman zamaninta suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa. Gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi haruffan Latin, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, hukumar talifi ta Zariya ta fito da littattafan gasar 1933, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Boko ya ba mu adabi mai yawa da ba za mu so rasa shi ba, kuma da shi nake wannan rubutu. Amma ba don ya fi ajami dacewa da Hausa ta kowace fuska ya yi rinjaye ba. Boko ba ya nuna jan wasali, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya ne, alhali mai ajami yana raba su da alif. Ya yi rinjaye ne domin shi ke kai mutum ga aikin gwamnati da albashi.

Bambancinmu da Turkiyya shi ne babu dokar da ta haramta ajami, makarantun allo kuma sun ci gaba da koya wa yara haruffan. Har yanzu gadar tana tsaye, sai dai masu hawanta suna raguwa. Mun kuma ɗanɗana tamu rigimar, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga sabuwar naira 100 ta 2014. Masu murna da masu fushi da yawa sun ɗauka Larabci ne ko wani abu na addini, alhali Hausa ce zalla take faɗin adadin kuɗin.

Babu mai hankalin da zai ce mu yar da boko, domin yin haka maimaita kuskuren 1928 ne ta bayan gida. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Yawancin masu karanta wannan maƙala sun yi makarantar allo ko Islamiyya, sun san haruffan, abin da ya rage musu 'yan ƙa'idoji ne da mutum zai iya koya cikin makonni kaɗan wajen wani dattijo a unguwarsu. A gidaje da yawa a Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da Damagaram akwai gafaka ko adaka mai ɗauke da wasiƙu, da waƙoƙi, da lissafin bashi, da takardun gona, wadda ba a buɗe ba tun rasuwar mai ita. Ya kamata a buɗe ta tun masu iya karanta ta suna raye, a ɗauki hoton kowane shafi, a zaunar da yara su ji abin da ke ciki daga bakin wanda ya san hannun marubucin.